Daga Ƙofar Gida Zuwa Bangon Duniya: Yadda Ake Koyon Karanta Taswira a Karkara

Yaro ɗan aji shida a firamare zai iya jero maka jihohin Najeriya 36 da manyan biranensu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma ka tsayar da shi a ƙofar masallacin garinsu, ka ce ya nuna maka da hannu inda Dutse take, ko inda Legas take, sai ya hau raba ido. Ba laifinsa ba ne, sunaye aka ɗura masa ba a nuna masa wuri ba. Direban da ke lodin Gujungu kuwa, ko Bafulatanin da ke kai shanu kudu da rani ya dawo da su da damina, ya san wuri ciki da waje, takardar ce kawai bai taɓa riƙewa ba. Mai son sanin labarin ƙasa sai ya haɗa sanin direban nan da takardar ɗan makarantar. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a fara daga inda mutum yake tsaye, a riƙa faɗaɗawa a hankali, kuma kada a ambaci sunan wani wuri, ko da Japan ne, ba tare da an miƙa hannu an nuna ɓangaren da yake ba.

Malamin firamare zai iya bin wannan tsari da ɗalibansa, haka wa da ƙannensa, ko uwa da yaranta a tsakar gida, ko babba da ke son koya wa kansa. Kayan aikin ba su da tsada: sanda miƙaƙƙiya, igiya, toka, karan dawa, lemo biyu, da littafin taswira, wato atlas, ko da na aro ne daga makaranta. Wayar hannu tana da amfani, amma na bar ta a ƙarshe da gangan.

Da farko, nemo gabas ta gaskiya

Kowa ya san rana daga gabas take fitowa, sai dai ba a wuri ɗaya take ɓullowa ba duk shekara. A watan Yuni tana fitowa ne ta gabas maso arewa, a Disamba kuma ta gabas maso kudu, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take fitowa daidai gabas. Saboda haka kana buƙatar abin da ya fi duban fitowar rana inganci.

Sami shimfiɗaɗɗen fili da rana ke samu tun hantsi har la'asar. Kafa sanda mai tsawon kamu biyu, ka tabbata ta tsaya cak ba ta karkace ba. In ka ɗaura tsakuwa a zare ka sake ta a jikin sandar za ka gani. Wajen ƙarfe goma na safe, ajiye dutse a daidai ƙarshen inuwar. Ɗaura igiya a gindin sandar, ka auna zuwa dutsen, ka zagaya ka zana da'ira a ƙasa. Inuwar za ta riƙa gajarcewa tana shigewa cikin da'irar, bayan rana ta karya ta sake tsawo. Da zarar kanta ya sake taɓa da'irar, wajen ƙarfe uku ke nan, ajiye dutse na biyu. Ja layi tsakanin duwatsun nan: na hantsi yana yamma, na la'asar yana gabas. Ka gitta wani layin a kansa daidai, ka sami kudu da arewa. In ka fuskanci gabas, arewa tana hannun hagunka, kudu tana dama.

Kada ka dogara da inuwar tsakar rana wajen neman arewa, domin a ƙasar Kano da Jigawa tana sauya ɓangare. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da mu, inuwa ta faɗi kudu. Sauran watannin kuma inuwa arewa take faɗi. Littattafan da aka rubuta don yaran Turai sukan ce kullum inuwar tsakar rana arewa take nunawa. A can gaskiya ne, a Gwaram ba haka ba ne.

Yanzu ka gwada layinka da masallacin gari. Za ka ga masallacin da aka kafa daidai bai fuskanci gabas sak ba, ya ɗan karkata hagu. Daga Kano, alƙibla tana wajen digiri 68 idan aka fara ƙirga daga arewa ana juyawa dama, gabas kuwa digiri 90 ce. Ma'ana alƙiblarmu gabas ce maso arewa, da karkatar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta tantancewa: sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandarka kuma tana nuna bayanta. Ta Mayu ta fi tabbas, saboda a Yuli gajimare yakan rufe rana.

Da ka gama, kafa duwatsu huɗu manya a filin nan, na gabas da na yamma da na kudu da na arewa, su zauna dindindin. Duk sauran darussan a kansu za a yi.

Zana garinku da toka

Kafin yaro ya taɓa taswirar wani, ya zana tasa. A filin da ka kafa duwatsun, sa alama a tsakiya ta zama masallacin Juma'a ko gidan mai gari. Daga nan a riƙa tambaya: rijiya ko tuƙa-tuƙa ta wane ɓangare take? Makaranta fa? Maƙabarta, kududdufi, injin niƙa, burtali, hanyar da ke fita zuwa kasuwa, fadama. Kowanne a sa masa alamarsa: kasko ya zama kududdufi, layin toka ya zama hanya, ganye ya zama kuka ko tsamiyar da kowa ya sani.

Gardama za ta tashi a kan nisa, kuma ita ake so. Aika yara biyu su ƙirga taku daga masallaci zuwa rijiya, wasu biyu zuwa makaranta. Yanki guntun kara, a yarda cewa tsawonsa yana wakiltar taku 50. Wurin da ke taku 200 sai a auna masa kara huɗu, mai taku 450 kara tara. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya riga ya fahimci ma'aunin taswira, saura a nuna masa yadda ake rubuta shi.

Matsalar da za ka fi fama da ita ita ce yara suna zana gida ta gefe, da ƙofa da taga. Ka ce musu su zana gari yadda shirwa ke hango shi daga sama: rumbu da'ira ne, ɗaki mai soro murabba'i ne. Bayan an gama a kwafe zanen a takarda, a sa kibiya mai nuna arewa, a rubuta ma'anar kowace alama a gefe.

Taswirar takarda: abin dubawa kafin a fara

Tsofaffin atlas sun yi yawa a makarantunmu, don haka fara da gano shekarun wanda ke hannunka. In babu Jigawa a ciki, an buga shi kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Kano. In Legas ce aka nuna a matsayin babban birnin ƙasa, bai kai Disamba 1991 ba. In babu Zamfara da Gombe da Nasarawa, bai kai 1996 ba. In Sudan ƙasa ɗaya ce dunƙule, bai kai 2011 ba. Tsohon atlas ba abin yarwa ba ne, koguna da duwatsu da tekuna suna nan inda suke. Iyakoki da sunaye ne za ka gyara da fensir.

Na biyu, sauke taswirar daga bango. Rataye ta shi ya sa yara da yawa suke zaton arewa sama ce, kudu ƙasa, har su yi mamakin yadda kogin Nilu ke gudu zuwa arewa, wai yana hawa. Shimfiɗa ta a kan tabarma, ka juya ta har saman takardar ya fuskanci dutsen arewa. Yanzu in ka ɗora yatsa a kan Kano ka ja zuwa Maiduguri, hannunka yana tafiya ne ɓangaren da Maidugurin take a zahiri. Sa arewa a saman takarda al'ada ce kawai ta masu zane. Taswirar da Al-Idrisi ya kammala wa sarkin Sisili a 1154 kudu ce a samanta.

Na uku, karanta akwatin alamomi da ke gefe, ko da kana ganin ka sani. Taswira iri biyu ce za ka fi haɗuwa da su. Ta iyakoki, wadda kowace ƙasa ko jiha ke da launinta don a bambanta su kawai. Sai ta yanayin ƙasa, wadda launi ke nuna tudu da kwari: kore ƙasa ce mai kwari, rawaya ta ɗan ɗaga, ruwan ƙasa tsauni ne, shi ya sa Jos take da duhu. Koren nan ba ya nufin daji. Wuri zai iya zama kore a taswira alhali rairayi ne zalla. Shuɗin layi kogi ne, in kuma a tsittsinke yake, kogi ne mai ƙafewa da rani.

Sai ma'auni. In ka ga 1:1,000,000, santimita ɗaya a takarda kilomita 10 ne a ƙasa. In 1:50,000 ne, irin wanda ɗaliban sakandare ke haɗuwa da shi a darasin karatun taswira, santimita ɗaya mita 500 ne. Dabarar lissafin: cire sifili biyar daga babbar lambar ka sami kilomita, ko ka cire biyu ka sami mita. Yawancin taswirori suna da ɗan layin awo a ƙasa, wanda ya fi sauƙi. Hanya ba ta miƙe ba, saboda haka kwantar da zare a kanta yana bin kowace kwana, sannan ka miƙe shi a kan layin awon. Gwada da tazarar da kowa ya sani, kamar Kano zuwa Wudil, kimanin kilomita 40. In lissafinka ya ba ka 400, ka san sifili ɗaya ya kuɓuce maka.

Bi hanya, bi ruwa

Haddace jerin sunaye ba ya zama a kai. Tafiya ce ke zama. Saboda haka daga garinku ɗauki hanyar da mutane ke bi da gaske, ka bi ta da yatsa kana faɗin abin da za a tarar. Daga Kano in aka yi arewa, Dambatta, Kazaure, Daura, sai iyakar Nijar. In aka yi gabas ta Wudil, mai kasuwar shanu ranar Juma'a, a wuce Azare, Potiskum, Damaturu, Maiduguri. Daga Gumel a yi arewa zuwa Maigatari, mai kasuwar Alhamis, a tsallaka a shiga ƙasar Damagaram. Da wannan kaɗai maƙwabtan Jigawa sun fito: Kano da Katsina a yamma, Bauchi a kudu maso gabas, Yobe a arewa maso gabas, Nijar a arewa.

Kogi ya fi hanya koyarwa, domin shi ke bayyana dalilin abubuwa. Nemo madatsar Tiga a kudancin Kano, wadda aka kammala a 1974, ka bi kogin Kano har inda ya haɗu da Challawa. Daga nan ruwan ya wuce Wudil, ya shiga Jigawa ta wajen Ringim, ya nufi Haɗejiya, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are ya zama kogin Yobe, wanda ya nufi Tafkin Chadi. Wanda ya bi wannan layi da yatsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin dalilin da ruwan saman da aka yi a Tudun Wada ko Doguwa zai cinye shinkafar mutumin Auyo bayan kwanaki. Zai kuma lura da wani abu: ruwanmu ba ya zuwa teku. Ruwan Sakkwato da na Kaduna suna faɗawa kogin Neja, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya zube a tekun Atlantika. Namu kuwa a cikin ƙasa yake ƙarewa. Fadamun nan ne kuma tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu a cikinsu, irin waɗanda ake gani a Baturiya.

Haka za ka fita daga Najeriya, ta hanyoyin da kakanninmu suka taka. Hanyar alhazan ƙasa: Kano, Maiduguri, Njamena, Abeche, a shiga Darfur, a ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. A miƙe, Kano zuwa Makka kimanin kilomita 3,500 ne, kuma mutane sun yi shekaru suna tafiyar, wasu ma suka zauna a hanya. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi a 1903. Hanyar ayarin Sahara: Kano, Damagaram, Agadas, Gat, har Tarabulus a bakin Bahar Rum. Hanyar fataken goro: yamma maso kudu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Hanyoyi uku ke nan, sun ba ka rabin Afirka ba tare da hadda ba. Zanen taswira ma ba baƙo ba ne a nan: da Bature Hugh Clapperton ya je Sakkwato a 1824, a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka zana masa taswirar ƙasashe da kogunan yankin.

Na zamani kuma, bi buhun zoɓon da aka auna a kasuwannin Jigawa: tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, sannan a ratsa Atlantika zuwa Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayensa. Riɗi kuma gabas yake yi, zuwa Turkiyya da Sin da Japan. A nan ne za ka shigo da nahiyoyi bakwai da manyan tekuna, a lokacin da ake buƙatarsu.

Wajen neman suna a fihirisar da ke bayan atlas, ka tuna da sunan da aka buga za ka nema: Damagaram tana ƙarƙashin Zinder, Yamai tana ƙarƙashin Niamey, Habasha kuma Ethiopia. Gaban kowane suna akwai lambar shafi da wani abu kamar C4. Harafin da lambar suna bakin shafin, inda suka haɗu nan akwatin da wurin yake.

Layukan kwance da na tsaye

Wannan ne ɓangaren da ɗalibai ke tsoro, alhali shi ya fi daɗi in an fara shi daga gida. Ɗauki lemo. Inda aka tsinke shi daga reshe ya zama ƙarshen arewa, ƙasansa ƙarshen kudu. Zana layi da biro ya zagaye cikinsa a tsakiya: Ikweta ke nan, digiri sifili, mai ratsa Gabon, Kwango, Yuganda, Kenya, Somaliya, Indonesiya da Burazil. Layukan da ke kwance a jere da shi su ake kira latitud, suna faɗin nisan wuri daga Ikweta, har digiri 90 a kowane ƙarshe. Digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne. Birnin Kano yana kan digiri 12 arewa, saboda haka tsakaninsa da Ikweta kilomita 1,300 da 'yan kai ne. Kana iya ganin wannan da idonka: a daren da sama ta yi garau, tsaya a kan layinka ka fuskanci dutsen arewa, ka miƙe hannu ka dunƙule shi. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, yana sama da gindin sama da kimanin dunƙule ɗaya da ɗan ɗori. Tsayinsa daga gindin sama, in aka auna da digiri, shi ne latitud ɗin garinku. Da hunturu ƙura takan ɓoye shi.

Yanzu ka yi wasan da na fi so a duk darasin. Ɗora yatsa a kan Kano a taswirar duniya, ka bi layin digiri 12 zuwa gabas ba tare da ka ɗaga ba. Za ka bi ta Njamena, Nyala a Darfur, Tafkin Tana a Habasha, Jibuti, ka faɗa teku, ka fito a kudancin Indiya, ka wuce Kambodiya da Biyetnam da Filifin, ka ratsa Pasifik mai faɗin da zai ba ka mamaki, ka sauka Managuwa a Nikaragwa, ka tsallake Atlantika zuwa Gini Bisau, ka bi kusa da Bamako da Wagadugu ka dawo gida. Duk waɗannan wurare tsawon yininsu ɗaya da namu. A nan bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Landan, mai digiri 51 da rabi, yini yana haura awa 16 a watan Yuni ya sauko ƙasa da awa 8 a Disamba. Abin da ya sa ke nan azumin mutanen can yake tsawo ƙwarai in ya faɗo a tsakiyar shekara.

Layukan tsaye kuma, masu tashi daga ƙarshen arewa zuwa na kudu kamar yadda ɓarin lemo yake a ciki, su ne longitud. An fara ƙirga su daga layin da ya bi ta Girinwic a Landan, wanda ya gangaro ta Faransa, Sifen, Aljeriya, Mali, Burkina Faso, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Kano tana digiri 8 da rabi gabas da shi. Aikin waɗannan layuka lokaci ne. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya a minti 4. Haɗejiya tana wajen digiri 10, Kano 8 da rabi, bambanci digiri ɗaya da rabi, minti 6 ke nan. Shi ya sa mutumin Haɗejiya yake riga na Kano shan ruwa. Maiduguri tana wajen digiri 13, Sakkwato wajen 5, bambancin ya haura rabin awa duk da agogonsu ɗaya. Makka tana kusan digiri 40, ta fi Kano da digiri 31, ka ninka da 4 ka ga awa biyun da ke tsakanin agogonmu da na Saudiyya. Ba ɗalibi lissafin nan a watan azumi ka ga yadda zai kama shi. In ka bi layin Kano zuwa arewa kuma, ta tsakanin Damagaram da Agadas, ta Aljeriya, ka tsallake Bahar Rum, za ka sauka Zurik a Suwizalan: rana tana take tsaka a can daidai lokacin da take take tsaka a Kano.

A rubuce, latitud ake fara kawowa, sannan longitud. In ka juya na Kano, ka sa 8 da rabi arewa da 12 gabas, ka tafi wajen Ganye a Adamawa.

Inda taswira take yaudara

Ɓare lemo na biyu a hankali, ka yi ƙoƙarin shimfiɗe ɓawon a ƙasa. Sai ya yage ko ka ja shi ya miƙe. Haka mai zana duniya a takarda yake yi, dole ya ja wani wuri. Salon da ya fi yaɗuwa, wanda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, yana kumbura duk abin da ya yi nisa da Ikweta. A cikinsa Girinlan, tsibirin da ke can ƙarshen arewa, tana kusan girman Afirka, alhali Afirka, mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan 30, ta ninka ta kusan sau 14. Rasha da Kanada manya ne da gaske, amma ba yadda takarda ke nuna su ba. In ana gardamar girma, a koma ga ƙwallon duniya in makaranta tana da shi, ko ga lambobin da ke bayan atlas. A nan ne mutane da yawa ke fara jin cewa Nijar, mai murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Najeriya mai 923,768 faɗi, kuma tun da Sudan ta rabu Aljeriya ce mafi girma a ƙasashen Afirka 54.

Don abin ya zauna, haɗa atlas da rediyo. Duk wurin da aka ambata a labaran safe, Gaza ne ko Yukiren ko mashigin Hormuz, a nemo shi kafin dare, a faɗi nahiyarsa, maƙwabtansa biyu, da ɓangaren da yake daga garinku. Wuri ɗaya a rana ya isa. Lokaci zuwa lokaci kuma ɗora farar takarda a kan taswirar Afirka ko ta Najeriya, a kwafe iyakoki kawai, a rufe littafin a cike sunayen da ka.

Sai waya

Wanda ya bi matakan baya, manhajar taswira ta Google Maps za ta zame masa baiwa. Wanda ya fara da ita kuwa shi zai zame mata. Ranar da ka shiga gari mai sabis, sauke taswirar yankinku a wayar don ta yi aiki ba tare da data ba. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba ya buƙatar kati. Juya zuwa hoton sama ka nemo garinku, ka gwada shi da zanen tokar da kuka yi. In ka danna wuri ka riƙe, lambobi biyu za su fito, irin su 12.00 da 8.52: latitud da longitud ne da ka riga ka sani, an dai rubuta guntun digiri da ɗigo. Rubuta na gidanku da na gona da na asibiti mafi kusa a littafi. Su ne za ka tura wa mai kawo taki ko masu haƙa rijiyar burtsatse ta WhatsApp, maimakon kwatancen a wuce kuka biyu a yi dama.

Ka yi hattara da sunaye masu maimaituwa. Akwai Garki a Jigawa akwai Garki a Abuja, haka Dutse. Nasarawa jiha ce, kuma ƙaramar hukuma ce a Kano. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba a ƙirga su. Kullum ƙara sunan jiha, ka kuma duba nisan da wayar ta nuna ko ya yi kama da hankali. Ƙananan ƙauyuka da yawa babu sunansu a ciki, ko an ɗora sunan a inda ba nan ba. Hoton saman ma yana iya zama na shekarun baya, wanda aka ɗauka da rani, don haka hanyar da ta nuna maka a buɗe tana iya zama ƙarƙashin ruwa a watan Agusta. Wannan sai ka tambayi masu babur a tasha. Kamfas ɗin waya yana rikicewa kusa da rufin kwano ko mota, fita fili ka gwada shi da duwatsunka huɗu kafin ka yarda da shi.

Google Earth yana iya ba ka kimanin faɗin gona in ka zagaye iyakarta da ɗigo, kuma hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Wannan ya isa lissafin iri da taki. Amma ɗigon waya yakan kauce da mita da dama, wanda ya fi ƙarfin kunya biyar ko shida, saboda haka ba a raba gado ko rikicin iyaka da shi. Wannan aikin dagaci ne da shaidu, in abin ya girma a kira safiyo.